Ranar da Na Rage wa 'Yata Iska

Shekarun baya, lokacin da 'yata ta uku take neman cika shekara biyu, na yi wani abu da hannuna a asibiti, aka ɗora wa matata laifin, ni kuma na yi shiru. Yarinyar tana nan da ranta, ta girma, jiya ma sai da muka yi rigima da ita a kan cajar waya. Na faɗi wannan tun farko don kada hankalin kowa ya tashi. Abin da zan ba ku labarinsa shi ne shirun da na yi, da abin da ya jawo wa matata.

Ni mai faci ne. Rumfata tana bakin titi a nan Suleja, inda motocin masu zuwa aiki Abuja suke wucewa da sassafe. A wancan lokacin ban iya karatun boko ba, sai daga baya na shiga ajin manya na yaƙi da jahilci, wanda har yanzu nake zuwa Asabar da Lahadi. Amma ko a lokacin akwai abu ɗaya da nake karantawa ba tare da na tambayi kowa ba, shi ne geji, wato agogon da muke auna iskar taya da shi. Tayar tirela da iskarta, ta ƙaramar mota da tata, ta keke da tata. Ina koyon sana'a na taɓa jona wa tayar baro injin manyan motoci, ta fashe a gabana, kunnena ya kwana uku yana ƙara. Maigidana bai dake ni ba. Cewa kawai ya yi daga ranar in na ga ƙaramar taya in riƙa tausaya mata. Na riƙe wannan magana sosai, har na kai ta inda ba wurinta ba.

Ciwon yarinyar ya fara da mura da tari a tsakiyar damina, irin na kowane yaro. Na sayo maganin ruwa a kemis, muka yi kwana uku muna ba ta. Ranar ta huɗu da safe ina shirin fita, matata ta tare ni a bakin ƙofa, ta ɗaga wa yarinyar riga.

Ta ce, "Malam, dubi nan."

Na duba. Duk numfashin da ta ja, ƙasan haƙarƙarinta sai ya lotsa ciki. Numfashin kuma da sauri-sauri yake, da ɗan nishi a ƙarshensa. Ta ƙi nono tun asuba. Na ajiye makullin rumfa, muka tari napep daga unguwarmu ta Iku zuwa asibiti, mu uku da mahaifiyata. Sunan mahaifiyata yarinyar ta ci, shi ya sa Inna take ce mata takwara, kuma a duk jikokinta babu wadda take ji da ita kamarta.

Likita ya ce limoniya ce mai tsanani, ƙwayoyin cuta sun kama huhu. Aka ba mu gado a ɗakin yara, aka sa mata allura a jijiya, aka jawo wata doguwar tukunyar ƙarfe irin ta masu walda, ta kai ni kafaɗa, aka tsayar a gefen gadon. Daga jikinta wata siririyar roba ta taho zuwa hancin yarinyar. Iskar oksijin ke nan.

Kowa yarinyar yake kallo, ni kuwa idona ya tafi kan tukunyar. A samanta akwai geji, kuma allurarsa tana nuna wata lamba da ban taɓa ganin irinta ba, ko a tayar tirela mai ɗauke da siminti. A gefensa akwai wani ɗan gilashi a tsaye, da ɗan ƙwallo a ciki yana rawa, da maɓallin murɗawa a ƙasa. Na kalli lambar nan, na kalli ƙirjin 'yata wanda tafin hannuna ɗaya zai rufe shi.

Nas ɗin da ke kula da ɗakin babbar mace ce, Kirista, Hausarta irin ta mutanen Filato. Ita kaɗai ce a kan gadaje da yawa, ko zama ba ta samu. Na bi ta a baya na ce, "Sista, iskar nan ba ta yi mata yawa ba kuwa?"

Tana zuƙo allura ta ce, "Oga, ka bar mana aikinmu, ka je ka yi addu'a."

Gaskiya ta faɗa. Amma ni a raina cewa na yi, matar nan ta san allura, ni kuma na san iska. Shekara ashirin ina ba da iska, wa zai koya mini? Ku ji fa tunanin babban mutum mai 'ya'ya uku.

Maza ba sa zama a ɗakin, sai lokacin dubiya da yamma. Washegari na shiga, matata ta ce tunda na zo bari ta fita ta yi la'asar. Inna tana baranda. Na tsaya a gefen tukunyar, na juya wa mutane baya, na murɗa maɓallin kaɗan. Ɗan ƙwallon ya sauko. Ba a daɗe ba nas ta zo wucewa, ta gani, ta yi tsaki, ta ce tsofaffin kayan nan sun ishe ta, ta mayar da shi inda yake. Ban ce komai ba. Na koma gida ina jin haushinta.

Rana ta uku jikin ya ƙara tsanani. Cikin yarinyar ya ɗan kumbura, ni kuma da na ga haka sai na ce shi ke nan, abin da nake gudu ne, iska ce take cika ta. Matata ta fita salla kamar jiya. Wannan karon na murɗa sosai, har ɗan ƙwallon ya kusa zama a ƙasa. Na tofa wa yarinyar addu'a, na fito baranda wurin Inna, zuciyata wasai, wai na ceci 'yata.

Matata ta dawo ta wuce mu da jakar filas a hannu. Ban san minti nawa aka yi ba. Sai muka ji ta ƙwala ihu.

Da na isa bakin ƙofar ɗakin, leɓen yarinyar ya yi baƙi, idonta ya juye, jikinta ya saki. Nas ta taho a guje, ta kai hannu kan maɓallin, ta murɗa, ta ɗago kan yarinyar, tana kiran likita. Aka rufu a kanta. Ni dai ina riƙe da ƙofa. Bayan wani lokaci da ba zan iya kwatanta tsawonsa ba, muka ji ta yi ɗan kuka.

Sai da komai ya lafa nas ta juyo. Idonta ya sauka a kan jakar filas, wadda matata ta rataye a wuyan tukunyar, hannun jakar yana gogar maɓallin.

Ta ce, "Wa ya rataye wannan a nan?"

Matata ta ce, "Ni ce, Sista."

"Ke ce? Maman yarinya, ke ce? Ƙusa kika gani? Nan ɗakinki ne? Kin rufe mata iska, kin kusa kashe 'yarki da hannunki!"

Matan da ke sauran gadaje duk suka zubo ido. Wata ta ce, "Subhanallahi." Matata ta juyo ta dube ni a bakin ƙofa, irin kallon da mace take yi wa mijinta in tana neman wanda zai tsaya mata. Kalma biyu ce kawai a bakina: ni ne. Na ji su har a kan harshena. Sai na tuna yadda nas ta ce mini in bar musu aikinsu, na hango yadda za a kira masu gadi, yadda labarin zai isa bakin titi cewa mai facin nan ya je asibiti yana gyara wa likitoci iska. Na sunkuyar da kai, na ce, "A yi haƙuri, Sista, kuskure ne."

A bainar jama'a na ba da haƙuri a madadin matata, kan laifin da ni na yi. Wata tsohuwa ma har ta yaba mini, ta ce miji ne mai sanyin hali.

Nas ta ce daga ranar sai dai wani babba ya zauna da yarinyar. Inna ta ɗauko tabarmarta ta shiga ciki, ta ce ba za ta sake barin takwararta a hannun ganganci ba. Matata ta koma baranda. Sai in yarinyar ta yi kukan nono a kira ta, ta shiga, ta ba ta, ta fito. Kullum na zo da yamma sai in tarar da ita a zaune ta jingina da bango, saitin tagar da take hango gadon. In na gaishe ta sai ta amsa, ta tambaye ni ko yara sun ci abinci.

Zazzaɓin bai sauka ba duk da allurai. Aka yi hoton ƙirji, likita ya ce mugunya ta taru a gefen huhun dama, ta danne shi, dole a huda tsakanin haƙarƙari a sa roba ta fita. Na dangwala yatsa a takarda. Da aka fito da ita, robar ta taho daga gefen ƙirjinta zuwa wata kwalba a ƙasan gado mai ruwa a ciki. Mugunyar da ta fita daga jikin ƙaramar yarinyar nan, har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Amma ba mugunyar ce ta tsayar da ni ba. Duk lokacin da yarinyar ta yi tari, sai ruwan kwalbar ya yi kumfa, bul-bul-bul. Wannan kuwa ba sai an fassara mini ba. Kullum haka nake tsoma tub ɗin taya a cikin rabin diram na ruwa, inda kumfa ta taso nan hujin yake. Na ce a raina, ga shi nan, sun fasa ta. Ashe ni ne mai gaskiya. Allah ya gafarta mini, har wani daɗi na ji.

Na jira likitan ya zo zagaye. Saurayi ne, bai kai ni shekaru ba. An kira matata ta shigo don ta ji bayani, Inna ma tana zaune. Na nuna kwalbar na ce, "Likita, huhun nan yana yoyo. Akwai huji."

Ya dube ni da kyau. "Baba, wace sana'a kake yi?"

"Faci."

Ya yi murmushi. "To ka gane daidai. Akwai ɗan huji. Ƙwayoyin cutar ne suka ci wurin. In Allah ya yarda zai toshe da kansa, ranar da kumfar ta tsaya ka san ya toshe."

Na ce, "Ba iskar da ake ɗura mata ce ta fasa shi ba?"

Ya ce, "Ba ɗura mata ake yi ba. Zo ka ji." Ya ɗauko wata robar irin ta hancinta, ya jona a tukunyar gadon kusa da ba kowa a kai, ya kara mini a bayan hannu. Wata 'yar iska ce mai sanyi, ko tokar murhu ba za ta hure ba. Ya ce, "Lambar da kake gani a sama, abin da ya rage a cikin tukunya take nunawa. Wannan da ka ji shi ne abin da ke zuwa hancinta. Kuma taya a rufe take, Baba. Yaro bakinsa a buɗe, hancinsa a buɗe. Abin da ta ja shi ne nata, sauran ya bi iska. Huhunta ne ya gaza, shi ya sa muke ƙara mata mai kyau a cikin ɗan abin da take iya ja."

Ya ɗauki fayil zai wuce, sai ya ƙara da cewa, "Ranar nan da aka samu iskar ta rufe, da an ƙara 'yan mintuna da ba wannan maganar muke yi ba."

Inna ta juya ta kalli matata. Matata ta kalli ƙasa. Ni kuma na kalli bayan hannuna, inda iskar ta taɓa. A nan ne na san tabbas abin da na yi, ba sauran wata hujja da zan ɓuya a bayanta. Ga likita, ga Inna, ga matata, duk waɗanda ya kamata su ji suna wuri ɗaya. Na ce, "Mun gode, likita."

Kumfar ta tsaya bayan kwanaki. Aka cire robar, aka ɗinke wurin. Mun yi kusan wata guda kafin a sallame mu. Yarinyar ta dawo gida ta rame sai idanu, sai da ta sake koyon tafiya.

Labari kuwa ya riga mu isa gida. Ba zan ce Inna ta yi da mugunta ba. Takwararta ta gani a bakin mutuwa, kuma abin da ta gani da idonta take faɗa. Duk wadda ta zo barka sai ta ba ta labarin jakar filas, ta rufe da cewa mata su riƙa kula. Daga gidanmu ya shiga gidajen 'yan haya na kusa da mu, ya haura har unguwar Wambai wurin iyayen matata. Mahaifinta da kansa ya kira ta ya yi mata faɗa.

Mutane suna ce mini mai haƙuri. Direba zai zage ni a kan faci in ce Allah ya ba shi haƙuri. To da wannan haƙurin nawa na zauna da laifina. Na ce bari yarinya ta warware tukuna. Ta warware. Na ce bari azumi ya wuce. Ya wuce. Na ce bari Inna ta huce, ai tsufa ya kama ta, kada hawan jininta ya tashi. Daga nan na fara cewa ai maganar ta mutu, tono ta zai fi ɓarna. Abin da nake kwantar wa kaina hankali da shi guda ne: ita dai ta san ba ta yi ba, Allah ma ya sani, haƙuri kawai take yi irin na mata.

Akwai abubuwan da na riƙa gani ban tsaya na karanta su ba. In ta kashe risho sai ta koma ta duba sau biyu, sau uku. Ta kama azumin Litinin da Alhamis ba fashi, na ce ibada ce ta ƙaru. In yaro ya yi zazzaɓi aka kawo maganin ruwa, sai ta miƙo mini kwalbar da cokali, ta ce, "Malam, auna masa, ni hannuna ba shi da tabbas." Ni kuma in karɓa, in ɗaga cokali saitin haske, in auna. Har da cewa ta lura da yadda ake yi.

Haka aka yi ta tafiya har wata Juma'a da safe. Ƙanwata ta shigo gidan hankali a tashe. An kwantar da ɗanta a asibiti, ga jaririya a bayanta ko arba'in ba ta yi ba, an ce ba za ta zauna da jaririya a ɗakin marasa lafiya ba. Muna tsakar gida, Inna a kan tabarma, matata tana wanke-wanke, yarinyar nan tawa ta sa kayan makaranta tana shan koko.

Ƙanwata ta ce wa matata, "Yaya, don Allah ki taimake ni ki zauna da shi, ko kwana biyu ne. Ke ya fi sabawa da ke."

Na zaci Inna ce za ta hana. Amma kafin Inna ta yi magana, matata ta ɗago, hannunta duk kumfar sabulu, ta ce, "A'a, ki rufa mini asiri. Ki nemi wata. Ni da na kusa kashe tawa, ya za ki ba ni naki?"

Ba da gatse ta faɗa ba. A hankali ta faɗa, kamar mai faɗin sunan garinsu. Yarinyar ta sauke kofin koko tana kallon uwarta.

Sai a lokacin na gane. Ba haƙuri take yi da ƙaryar da aka yi mata ba. Ta yarda. Duk shekarun nan tana kwana tana tashi da cewa jakarta ce ta rufe iskar.

Na ce, "Ni ne."

Inna ta ce, "Kai ne me?"

"Ni na murɗa. Kafin ta shigo da jakar na riga na rage. Sau biyu na yi, ranar farko nas ta gyara. Na zaci iskar za ta fasa mata ƙirji."

Can Inna ta ce, "Kana tsaye a bakin ƙofa ranar."

"Ina tsaye."

"Matar nan tana zaginta kana tsaye."

"Ina tsaye, Inna."

"Na kore ta baranda, kullum kana zuwa kana wuce ta."

Inna ta dafa ƙasa ta miƙe da ƙyar, ta taka har wurin wanke-wanken, ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, ta kama hannun matata da kumfar da komai. Ta ce, "'Yar nan, ki yafe mini. Da bakina na yaɗa." Tunda nake ban taɓa ganin mahaifiyata ta durƙusa wa wani ba.

Matata ba ta yi kuka ba, ba ta kuma dube ni ba. Ta ɗaga Inna ta mayar da ita kan tabarma. Ta ɗauraye sauran kwanukan ta kife. Ta shiga ɗaki ta sako hijabi, ta fito ta ce wa ƙanwata, "Mu je." Kwana huɗu ta yi a asibiti da yaron, ita ta riƙa ba shi magani, har aka sallamo su.

Bayan ta dawo, an yi makonni tsakanina da ita sai gaisuwa da ajiye abinci. Ban matsa mata ba, don ba ni da bakin matsawa. Wata rana da hantsi na dawo gida ɗaukar wani abu, na tarar da ita tana tsince shinkafa, ba kowa a gidan. Na tsuguna nesa kaɗan. Ita ta fara magana.

Ta ce, "Murɗawar da ka yi ba ita ce ta fi ci mini rai ba. Tsoro ne. Ni ma tukunyar nan tsoro take ba ni. Shirun da ka yi a bakin ƙofa ma zan iya cewa ruɗewa ce." Ta zubar da tsakuwar da ke hannunta. "Amma cokalin nan, Malam. In miƙo maka, ka karɓa, ka auna. Ka san abin da ya sa nake miƙo maka?"

Na ce, "Ban tsaya na sani ba."

Ta ce, "Ba ka so ka sani ba dai."

Na ce ta faɗi abin da zan yi. Ta ce ba ta son zane, ba ta son komai. Duk inda labarin jakar ya shiga, in bi shi da ƙafata in gyara.

Na bi. Na fara da Wambai. Surukina ya saurare ni har na gama, ya daɗe yana jan carbi, sannan ya aika a kira masa 'yarsa a waya, a gabana ya nemi gafararta. Wanta kuwa da na miƙa masa hannu a zaure, sai ya gyara hularsa ya wuce. Na shiga gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, ina sallama da mazan, ina cewa ga abin da ya kawo ni, a gaya wa na ciki. Wani ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ashe injiniyan iska ne a unguwarmu ba mu sani ba. Sunan ya bi ni bakin titi, har yau akwai direbobin da suke kirana da shi, kuma ina amsawa. Nas ɗin na je nema aka ce ta yi ritaya ta koma garinsu. Matan da ke sauran gadajen nan kuwa ban san ko ɗaya ba, ban san inda suka kai labarin ba. Don su da waɗanda suka ji daga bakinsu nake rubuta wannan.

In kun tambaye ni abin da na koya, na farko mai sauƙi ne. Yaro in yana numfashi da sauri, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, a kai shi asibiti a ranar. In an sa masa iska a bar ta yadda aka sa. Abin da ba ka gane ba ka tambaya, in an ƙi amsa maka ka sake tambayar wani. Sanin da nake taƙama da shi gaskiya ne a kan taya, a kan taya kawai.

Na biyun ya fi nauyi. Na daɗe ina ɗaukar kaina mutum mai haƙuri, ashe wani lokacin tsoro ne nake sa wa wannan suna. Kuma shirun da na zaci ni kaɗai yake ci, wata ce take biyansa kullum, da azuminta da hannunta da take tsoro. Yarinyar tana da ɗan tabo a gefen ƙirji, ta san labarinsa yanzu, na gaskiyar, ni na gaya mata. Kunyar ba ta tafi ba. Ta dai daina hana ni kallon mutane.

A littafin aji na fara rubuta wannan, da fensir, na yi kusan wata ina yi ina gogewa. Da na gama na ba matata ta duba kafin in sa a waya, don ita ta yi firamare, ta fi ni hannu. Ta karanta tun daga farko har ƙarshe. Wuri ɗaya kawai ta tsaya. Na rubuta cewa na yi shiru kamar shekara biyar. Ta karɓi fensirin, ta ja layi a kan "kamar", ta rubuta wani abu a sama da ƙananan baƙaƙe, ta miƙo mini ta tafi duba tukunya.

Na kai littafin bakin ƙofa inda haske yake, na haɗa baƙaƙen a hankali. Shekara biyar da wata huɗu da kwana tara.